Shanun Inna Turai Ba Sa Maruta

Ranar Litinin ce ta ƙarshen watan Mayu, kuma da safiyar ranar ne ruwan farko ya sauka a Birnin Kudu. Bai daɗe ba. Ya zo da iska, ya kwashe ledoji da rumfar mai shayin bakin tasha, ya jiƙa ƙasa kamar zurfin yatsa, ya yi gaba. Amma ƙanshin da ya bari ya ishi kowa. Kafin hantsi manoma sun fara kwance bakin buhunan iri suna duban sama.

Zulkifli ya iso ofis rigarsa a jiƙe, yana fito. Ofishin na ƙungiyar masu dabbobi ne, ɗaki biyu a bayan kasuwa, ɗaya na magunguna da firij mai aiki da hasken rana, ɗaya na kwamfuta. Na kwamfutar nasa ne, ba mai taɓa ko tsinke a ciki. A aji huɗu na sakandare ya ajiye littafi ya kama gyaran waya. Daga gyaran waya ya koma buga takardu, daga nan ya yi shekara guda a Kano a shagon wani mai haɗa manhaja, yana koyo da ido da naci. Ba mai zama wuri ɗaya ba ne, ko a kan kujera ƙafarsa rawa take yi. Wannan aikin kaɗai ne ya riƙe shi har shekara biyu, don shi ya haɗa shi da hannunsa, kuma yana jin daɗin ganinsa yana gudu.

Abin da ya haɗa ɗin ba shi da wuyar bayani. In dabbar mutum ta kwanta, sai ya kira wakilin ƙungiya na yankinsa. Wakili ya cika rahoto a waya, kowane bayani da gurbinsa, kowane gurbi da sunansa: suna, ciwo, wuri, lambar waya. Rahoton ya faɗo kwamfutar Zulkifli, ya bi ta cikin abin da yake kira bututu. A matakin farko a zubar da wanda ya shigo sau biyu. A na biyu a daidaita sunayen guraben, don wakilai ba fom iri ɗaya suke cikawa ba. A na uku a tura saƙo wayar malamin dabbobi, ya ɗaure akwatin allura a bayan babur ya tafi.

Malamin dabbobin shi ne Malam Hambali, wanda ya yi shekara talatin yana cusa hannu a bakin shanu kafin a kawo kwamfuta ofishin. Shi Zulkifli ya tarar a ƙofar ɗakinsa da safiyar nan, riƙe da waya kamar ya kama ɓarawo.

"Injiniya," in ji shi. Haka yake kiransa, rabi wasa rabi gaske. "Na'urar taka ce ta tsufa, ko kai ne?"

"Ina kwana, Malam. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Karanta mini wannan."

Zulkifli ya karɓi wayar. Saƙon ya ce akuyoyin wata Hapsatu suna zawo. Inda ya kamata sunan wuri ya fito, babu komai.

"To ina zan je, sama? Na Gwaram duk haka suke zuwa, uku cikin huɗu. Sai na kira Safiyatu, in kuma tana kan wani kiran in yi rabin awa tsaye a rana kamar mai gadin babur."

"Ba ni zuwa azahar, Malam."

"Azahar ta wace rana?"

"Ta yau. Ka je ka sha shayi, in an tsinto wa mai shayin rumfarsa."

Bai kai azahar ba ya gano ciwon. Fom ɗin Birnin Kudu shi ya tsara, gurbi ɗaya ne na wuri. Na Gwaram kuwa wakiliyar can, Malama Safiyatu, ita ta tsara abinta tun kafin a haɗe ofisoshin biyu, kuma gurbi biyu ta yi, ɗaya mai suna gari, ɗaya mai suna wuri. Saƙon da ke zuwa wa Malam Hambali gurbin wuri kaɗai yake ɗauka. Ita kuwa kullum tana cika gari, wuri sai jefi-jefi.

Zulkifli ba mai aiki da ka ba ne. Ya jawo duk rahotannin Gwaram na wata huɗu, daga Janairu zuwa Afrilu, guda ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya jera guraben biyu kafaɗa da kafaɗa, ya bi su layi-layi har idonsa ya yi ja. A fiye da ɗari uku gurbin wuri fanko ne. A sauran, abin da ke gari shi ke wuri. Maruta a nan, Maruta a can. Ko layi ɗaya bai samu da suka saɓa ba.

"Aiki biyu kawai take ba kanta," ya ce wa kwamfutar.

Sai ya buɗe mataki na biyu ya ƙara doka ɗaya: duk rahoton da ya zo da gurbi mai suna gari, a sauya wa gurbin suna zuwa wuri. Manhajar ta tsaya ta yi masa tambaya. In an tarar da rubutu a gurbin wuri tun asali, a bar shi, ko a rubuta sabon a kansa? Ya yi jim, tsawon kurɓar shayi ɗaya. Gari daga jerin sunaye ake zaɓarsa, tsaf yake fitowa. Wuri da hannu ake buga shi, cikin sauri. Tunda ɗaya suke, gara mai tsaftar. Ya danna a rubuta a kai.

Ya tuna da kiran Safiyatu, har ya ɗauki waya, sai ya ajiye. Abin da mutum ya gani da idonsa sau ɗari huɗu, me kuma zai tambaya?

Da la'asar saƙon Gwaram na farko ya shiga wayar Malam Hambali da sunan gari ɓaro-ɓaro. Ya leƙo ɗakin ya ce, "Injiniya, yau ka ci sunanka," ya dire masa ƙullin soyayyar gyaɗa a kan tebur.

Damina ta kankama. Gero ya kai gwiwa, hanyoyin ƙauye suka koma kunu. Sau biyu a watan Yuni Zulkifli ya tsaya a kan titi bisa babur ɗinsa yana danna wa garken shanu oda, suna tsallakawa a hankali da kayan makiyaya a bayan takarkarai, yana tsaki don sun makarar da shi. Sau biyu kuma a watan Malam Hambali ya dawo daga ƙasar Gwaram ransa a ɓace, ya ce ya je garin da aka ce, ba shanu.

"Safiyatu ta fara sakaci," in ji shi.

Zulkifli ya duba bututunsa, ya ga komai yana wucewa sumul. "Ɓangarena dai lafiya lau, Malam."

Ranar Litinin ta biyu a watan Yuli, gab da magariba, wani rahoto ya shigo. Suna, Turai. Ciwo, ɗingishi da kumburi a cinya, jiki da zafi. Wuri, Maruta. Malam Hambali ya karanta ya daina taunar goro.

"Harbin daji ne," ya ce. "Matasan shanu yake zaɓa, masu ƙiba. Kwana ɗaya, kwana biyu, ya kayar. In an yi allura da wuri wata ta tashi, sauran kuma a tare su da rigakafi. Cika mini akwati da ƙanƙara, da asuba zan fita."

Ya fita da asubar Talata. Ya dawo da la'asar, taɓo har ƙugu, akwatin a cike yadda ya tafi da shi.

"Matar tana nan, shanu babu. Ba ta ma san ba su da lafiya ba sai da na faɗa mata. Suna hannun makiyayinta, wani Dabo, shi ya yi kiran. Wayarsa a kashe. Ita kuma abin da ta sani kawai, sun yi wajen duwatsu. Ƙasar nan ina ne ba duwatsu?"

"Malama Safiyatu fa?"

"Wai ta rubuta inda ake rubutawa. Na ce ga shi a hannuna, Maruta. Ta rantse ba haka ta rubuta ba. Amma kira talatin ta amsa a ranar, sunan wurin ya ɓace mata, wayarta kuma ba ta riƙe abin da ta riga ta tura. Ba mu rabu da daɗi ba."

Zulkifli ya juyo masa fuskar kwamfutar, ya ɗora yatsa a kan layin. "Abin da ya shigo ke nan, Malam. Na'ura ba ta ƙirƙira."

Laraba ta tafi a yawon tambaya. Malam Hambali ya bi dillalan shanu da masu tallar nono, kowa ya san Dabo, ba wanda ya san inda ya sauka bana.

Ranar Alhamis da hantsi motar Gwaram ta sauke wata tsohuwa a bakin kasuwa. Gajeriya ce, takalminta a hannu don kada taɓo ya cinye mata shi. Ta tambayi hanya, ta shigo ofis, ta wuce ɗakin magani ba ta ko leƙa ba, ta tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta.

"Salamu alaikum. Wane ne mai injin da ke aiken mutane?"

Zulkifli ya miƙe ya rusuna. "Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Inna. Ni ne."

"Ni ce Turai ta Maruta." Ta ƙi kujerar da ya tura mata. "Shanu bakwai gare ni a duniya, ɗan nan. Shekara ashirin ina matsar man gyaɗa da hannun nan kafin su kai bakwai. Shekaranjiya an zo ƙofata an ce ba su da lafiya, aka juya aka tafi da maganin. Kai ne ka turo bawan Allah nan gidana?"

"Inna, abin da aka rubuta ne ya fito. Maruta aka rubuta."

"To wanda ya rubuta bai taɓa riƙe fartanya ba. Saniya a Maruta da damina? Ta ci me, geron mutane? So kake a kai ni gaban mai gari? Da rani ne suke dawowa, su kwana a gonata, su ci kara, su bar mini taki. Ana yin ruwan farko Dabo yake kaɗa su daji, ba na sake ganin ƙahonsu sai an girbe. Wannan ai ko jikata mai shekara biyar ta sani."

Ƙafar Zulkifli da ke rawa ta tsaya cak.

Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu. Layi ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma duk rani ne. Shi ma ya san abin da tsohuwar ta faɗa, ai shi ne ya tsaya a titi yana danna wa garken oda. Ya san shi a kan babur, bai san shi a gaban kwamfuta ba.

"Inna, don Allah ki zauna. Minti biyu."

Akwai kundin da bututun ke ajiye ɗanyen rahoto yadda ya shigo, kafin a taɓa shi. Kwana bakwai yake riƙewa ya goge, shi da kansa ya sa masa haka don kwamfutar ba ta da fili. Ranar Talata bai leƙa can ba. Abin da ya fita ya duba, ya kira shi abin da ya shigo. Yanzu ya buɗe, ya gangara zuwa Litinin, ya samu layin. Gari, Maruta. Wuri, bayan Dutsen Gauraka, tsallaken rafi, ta ɓangaren Wurno ake shiga.

"Malam!" ya ƙwala kira. "Malam Hambali!"

Malam Hambali ya shigo ya karanta, ya sake karantawa. "Wurno? Ai wannan ya fi kusa da mu a kan Marutar! To wa ya cinye wannan rubutun?"

"Ni ne. Dokar da na sa ranar ruwan farko ce. Tana ɗaukar garin mai dabba ta rubuta shi a kan inda garken yake."

Malam Hambali ya dubi Inna Turai. "Tashi mu tafi. Maganar ta jira."

"Haɗa akwati, Malam, kafin ka gama na gama. In na bar shi haka, duk wanda ya kira yau ma garinsu za a tura ka."

Ya juya ga kwamfutar. Ya kashe dokar. Ya ba guraben biyu sunayen da ba mai sake haɗa su: ɗaya garin mai dabba, ɗaya mazaunin garke. Ya sa saƙo ya riƙa fita da duka biyun. Inda manhajar ta sake tambayar ko a rubuta a kai, ya ce a'a. Yana yi yana kiran Safiyatu, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Malama, Zulkifli ne. Kin rubuta daidai. Ni na goge."

Ta ce, "Wata guda Malam Hambali yana kirana mai sakaci. Jiya har kuka na yi."

"Ki yafe mini. Na ga guraben biyu kullum abu ɗaya suke faɗa."

"Da rani! Da rani mai dabba da dabbarsa gari ɗaya suke kwana, don me zan rubuta sau biyu? Na biyun don damina na yi shi. Da ka ɗaga waya ka tambaye ni, Zulkifli, ai ba kuɗin mota za ka biya ba."

"Ban tambaya ba. Laifina ne. Ki duba wayarki, zan turo miki wasu rahotanni yanzu ki tabbatar mini."

Ya sake tura ɗanyen rahoton kwana bakwai ta cikin bututun. Bayan na Inna Turai, biyar suka fito da mazaunin garke daban da gari. Sai ya duba kundin aikin bututun, wanda ke rubuta layi ɗaya duk lokacin da aka rubuta wani abu a kan wani. Sau talatin da ɗaya tun ƙarshen Mayu. Shida ya dawo da su. Sauran sun wuce kwana bakwai, kundin ya san an goge, bai san abin da aka goge ba.

A waje Malam Hambali ya tayar da babur. Inna Turai ta riga ta sa takalminta.

"Inna, hanyar ba ta da kyau," in ji Malam Hambali. "Ki jira mu a nan."

"Na jira kwana biyu, me na samu? Kai, mai inji, kana da babur ko shi ma a cikin kwamfutar yake?"

A bayan Zulkifli ta hau. Suka bar kwalta, suka bi ta Wurno, suka shiga burtali tsakanin gonaki. Inda taɓo ya yi zurfi su sauka su tura, ita ta bi gefe tana ba su umarni. Zulkifli ya faɗi sau ɗaya, ya tashi da rabin fuskarsa baƙa, ta ce masa yanzu ya fara kama da mai aikin dabbobi. A wata ruga suka tambayi wata mata Dutsen Gauraka, ta nuna musu shi da ludayi. Azahar ta gota lokacin da suka iso rafin. Ruwan ya kai cinya. Suka bar baburan a gindin wata kanya, Zulkifli ya ɗora akwatin a ka, Malam Hambali ya riƙe hannun tsohuwar, suka tsallaka.

Dabo ya hango su tun daga nesa ya taho. Dattijo ne mai furfura a gemu, ya yafa buhun taki da ya huda ya mayar rigar ruwa, matacciyar wayarsa tana lilo a wuya da igiya. Ya gaisa da Malam Hambali, sannan ya durƙusa a gaban Inna Turai, ya ƙi ɗaga ido.

"Faɗa mini, Dabo," ta ce.

"Mai Tozo, ranar Talata da yamma. 'Yar Laraba, jiya. Da ɗan bijimina ja, shi ma jiya. Na binne su da zurfi, na sa ƙaya. Toka da Gajera suna can gindin dutse, na ware su. Sauran na hau da su tudu."

Ta gyara mayafinta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To, Malam, me kake jira?"

Malam Hambali bai jira komai ba. Ya fara da marasa lafiyar. Toka tana kwance, cinyarta ta kumbura, in ya danna sai ta yi ƙara kamar busasshen ganye. Ya yi mata allura ya wuce gaba. Gajera tana tsaye da ƙafa uku, kumburin bai kai tafin hannu ba. "Wannan da sauranta," ya ce, ya cika sirinji.

Suka hau tudu. Zulkifli ya dubi garken, ya fara ƙirgawa da yatsa don a san yawan rigakafin, ya ce, "Baba Dabo, su nawa ne duka?"

Malam Hambali ya buge masa hannu. "Sauke yatsan nan. Ba a tambayar makiyayi yawan masu rai. Riƙe igiya, shi zai kira su."

Dabo ya tsaya a tsakiya ya fara kira, kowace da sunanta, wata da sunan uwarta. Wadda aka kira ta ɗago kai ta taho. Zulkifli ya jefa igiya ya ja, Malam Hambali ya soka allura ya shafa mata shuɗin alli a gadon baya, aka kira ta gaba. Igiyar ta ɗaye wa Zulkifli fatar tafin hannu, wata karsana ta taka masa ƙafa, bai saki ba. Kafin rana ta yi sanyi babu bayan da ba shi da alli.

Suna wanke hannu a wani kwatamin dutse Dabo ya ce wa Malam Hambali, "Na hau kan dutsen can ranar Litinin kafin waya ta kama. Malamar ta ce gobe za a zo. Da ba a ce za a zo ba, da Talata na bar su da matata na taka zuwa Wurno. Na yi ta duban rafin."

Malam Hambali ya fara cewa, "Ai hanya ce, da ruwan nan," sai Zulkifli ya katse shi.

"Ba hanya ba ce, Baba. Ka faɗi inda kake, an rubuta daidai. Ni na goge shi na rubuta garin Inna a kansa. Shi ya sa Malam ya tafi Maruta."

Dabo ya dube shi sosai a karon farko. "Me ya sa?"

"Na zaci ɗaya ne."

Dattijon ya dubi Inna Turai, ya dubi duwatsun da suka kewaye su, ya yarfe ruwan hannunsa. "Da rani ɗaya ne," ya ce. Ya cire wayar daga wuyansa ya miƙa masa. "Tunda kai ne mai injin, ka san yadda za a yi wannan ta daina mutuwa?"

Zulkifli ya juya ta, ya ɓalle murfin da farce, ya ga batirin ya kumbura. Wannan kam aikinsa ne tun yana ɗan shekara sha shida. "Jibi zan dawo maka da ita, da ƙaramin faifan caji na rana. Ka ɗaura shi a bayan jaki, yana tafiya tana sha."

A hanyar komawa Inna Turai ta sake hawa bayan Zulkifli har suka hau kwalta. Sannan ta ce a bayansa, "Mai Tozo nake ta kiwo don ranar auren babbar jikata." Da ya sauke ta a tasha ta ce, "Ka faɗi gaskiya a gaban Dabo, na ji. Gobe in wani abu ya yi maka kama da ɗaya, ka tambayi tsohuwa."

Juma'a da Asabar Malam Hambali ya bi rahotanni biyar ɗin nan, ya samu kowane garke a inda aka ce. Ya kuma tsaya a Gwaram ya ba Safiyatu haƙuri da bakinsa, ya dawo yana cewa ta sa shi ya maimaita sau biyu wai ba ta ji ba. Zulkifli ya goge duk fina-finan da ya tara a kwamfutar, ya ba kundin ɗanyen rahoto filin shekara guda, rani da damina. Ranar Asabar ya sake tsallaka rafin da wayar Dabo a aljihu. Ya tarar da Gajera tana cin ciyawa, tana taka ƙafar a hankali. Toka ta mutu ranar Juma'a da safe.

Da ya dawo ofis ya yage takarda daga tsohon littafi, ya rubuta, ya manna a bango saitin idonsa, sama da kwamfutar. Malam Hambali ya tsaya ya karanta, bai yi tsokana ba.

Shanu huɗu: Mai Tozo, 'Yar Laraba da Toka na Inna Turai, da jan bijimin Dabo. Kwana uku. Tafiya uku ta Malam Hambali zuwa garuruwan da babu garke. Rahoto ashirin da biyar da ba za a ƙara sanin daga inda aka kira ba.